Gaurakan Debbie

Litinin, 4 ga Agusta, bayan azahar

Yau ma sun maimaita sanarwar a rediyo, da Hausa da Fulatanci, don kada wani ya ce bai ji ba. Duk mai ajiye da naman daji a gida, biri ne, kada ne, barewa, jimina, aku ko gauraka, ya je ma'aikata ya bayyana kansa kafin ƙarshen wata. Sayarwa kuma an hana ta gaba ɗaya. Wanda aka kama bayan wa'adi, a ƙwace dabbar, shi kuma a kai shi kotu.

Ina jin an ce gauraka na leƙa tsakar gida. Vandi, gaurakan da nake riƙo, na can gindin rijiya yana tsince dawarsa, tukkun kansa na rawa. Na ce masa ci abincinka, ba da kai ake ba. Ƙarya na yi masa.

Shekara goma sha ɗaya yana gidan nan a Makama. Bai taɓa cizon ɗan kowa ba. Laifinsa ɗaya, tsinke maɓallan rigar da aka shanya, sai kuma kukan asuba da ya sa maƙwabta suka daina sayen agogo. Yau an wayi gari shi ne mai laifi, ni ce mai ɓoye shi.

Laraba, 6 ga Agusta, da hantsi

Tun shekaranjiya Debbie nake tunani. Tare muka yi kwalejin horon malamai, gadonta a sama nawa a ƙasa, ita daga Michika ni daga nan Yola. Shekarar da mahara suka shiga garinsu ta iso ƙofar gidan nan ƙafafu a kumbure, da zani ɗaya, da 'ya'yanta biyu, da kwando a ka. Na zaci abinci ne a kwandon. Tana saukewa sai ga ɗan tsuntsu mai dogayen ƙafafu, ko tukkunsa bai gama fitowa ba. Na ce, "Debbie, mutane na gudu da takardun makaranta, ke kin gudo da kaza?" Ba ta yi dariya ba. Ta ce na Wilson ne.

Wilson autanta ne. Shi ya tsinto tsuntsun a fadama, shi ya datse masa fiffike ɗaya don kada ya tashi, shi ya sa masa suna Vandi, wai a wajensu sunan ɗa na huɗu ke nan, su kuma su uku ne. Ranar gudu ya miƙa wa uwarsa kwandon, ya ce ta yi gaba, zai koma ya kwance awaki. Wata bakwai Debbie ta yi a ɗakin kusa da rijiya, kullum kunnenta na zaure. Bai iso ba. Ba ma maganar.

Da babban ɗanta ya samu aiki a Jos, ɗaki ɗaya suka kama, babu wurin tsuntsu. Ranar tafiya ta ce, "Sabuwa, ka riƙe mini shi. In yaron ya zo, nan zai fara nema." Na ce na riƙe. Amana ce, ba kiwon sha'awa ba. To wa zan tsaya yi wa wannan bayanin a ofis?

Juma'a, 8 ga Agusta, bayan la'asar

Bappa, ƙanen marigayi mijina, ya biyo daga masallaci kafin ya koma gonarsa a Namtari. Na kawo masa kunu, na yi masa zancen sanarwar. Ya ce, "Ke ai faɗuwa ta zo miki daidai da zama. Ba Suhaib ne likitan dabbobi a ma'aikatar ba? An ce ma yana cikin masu zagaya gidaje. Ɗaga waya kawai." Haka ya kira sunan, garau, a tsakar gidana.

Mijin 'yata ta fari ke nan. Tun da aka yi auren ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake tsugunawa, ni ina bayan labule, mu yi lafiya-lafiya ya tashi. Baban Basma nake ce masa, da sunan jikata. Ita kanta matar tasa ba na kiran sunanta, Adda nake cewa kamar yadda ƙannenta ke faɗa. Haka na tarar uwata na yi, haka kakata. Yanzu ni Sabuwa, da furfurata, in ɗaga waya in roƙi surukina alfarma a kan tsuntsu? In ya ce a'a, da wane ido zai sake kallon ƙofata? In kuma ya ce to, ya taka dokar aikinsa saboda ni, wannan ya fi muni.

Na ce wa Bappa ya sha kununsa kafin ya huce. Ya ce, "Kunyarku ta mutanen Yola wata rana sai ta kashe mutum." Na ce shi daga Makka aka kawo shi?

Lahadi, 10 ga Agusta, da safe

Ruwa ya ɗauke, Vandi ya yi rawarsa, yana tsalle yana buɗe fiffikensa ɗaya da rabi. Na tsaya kallo har shayina ya huce.

Talata, 12 ga Agusta, da yamma

Na je kasuwar Jimeta sayen dawa. Layin masu tsuntsaye ya zama kango, sai masu tattabaru da zabbi suka rage. Mai daddawa ta ce da idonta ta ga an loda aku da birai a mota. Ta kusa da ita ta ce inda ake kai su ko inuwa babu. Wani mai tura baro ya ce yanka su ake yi. Kowa da nasa labarin, kuma babu wanda ya je ya gani. Na san halin kasuwa, na koyar da yara shekara talatin ina ce musu kada su ɗauki ji-ta-ji-ta, amma duk da haka sai da na tsaya na saurare su har ƙarshe.

A keken dawowa wata mata ta ce a Gwadabawa an ɗauke birin wani alhaji ranar Asabar, ana ta kallo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ban ci abincin rana ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, bayan magariba

Adda ta zo da Basma. Ta gaishe ni daga nesa yadda ta saba, ta shiga madafi ta kama aiki ba tare da an sa ta ba. Can ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, kanta a ƙasa.

"Dada, ya ce a gaishe ki. Ya ce ranar Litinin zai shigo da mutanensa su ga tsuntsun."

Na ce, "To."

Tambaya na kan harshena: su gan shi su yi masa me? Amma uwa ba ta tonon 'yar fari a kan abin da mijinta ya ce mata a ɗaki. Ta ɗan ƙara tsayawa, kamar akwai saura a bakinta. Na ji nauyin tsayuwar, na ce ta je ta duba miya kada ta kama.

Bayan sun tafi na zauna na juya maganar. Yaron kirki ne, ɗan gidan mutunci. Ba zai iya cewa surukarsa ta ɓoye abu ba, ba kuma zai so ya ɗauki abu daga gidanta a gaban jama'a ba. Shi ya sa ya aiko da ranar tun da wuri, don ya zo ya tarar babu komai, kowa ya fita kunyar kowa. Na gane saƙon sarai, har na sa masa albarka a raina. Jibi zan kai Vandi wajen Bappa har ƙura ta lafa.

Asabar, 16 ga Agusta, Namtari, bayan isha'i

Hannuna ciwo yake, amma bari in rubuta.

Ɗanburam mai keke ya zo da hantsi. Muka kama Vandi, muka naɗe masa ƙafafu a ƙarƙashin ciki, muka ɗaure kamar yadda ake yi wa talotalo, muka sa shi a buhu kansa a waje. Ya yi kuka, ya sassare ni a hannu. Na ce yi haƙuri, taimakonka nake yi.

Ni na ce kada a bi babban titi. Tun shekarun tashin hankali, duk buhun da ya zo shingen bincike sai an kwance shi, ni kuma ban shirya amsa tambaya ba. Ɗanburam ya ce, "Mama, hanyar gona ya lalace fa, damina ne." Na ce ni zan biya ko shi? Muka bi ta gona. Keken ya kafe a laka sau biyu. Na biyun sai da muka jira masu shanu suka zo suka tura. Hadari ya haɗo, muka fake a wata rumfa. Tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, sai bayan la'asar muka shiga Namtari.

Tun a hanya ya daina kuka. Na ɗauka sabawa ya yi.

Da muka kwance igiyar ya yunƙura zai tashi, ƙafafun suka ƙi. Ya sake yunƙurawa ya kife a kan ƙirji. Bappa ya ce sanyi ne ya kama su, gobe zai miƙe. Mun shimfiɗa masa buhu a garken awaki. Ya sha ruwa kaɗan.

Litinin, 18 ga Agusta, da azahar

Jiya na dawo gida. Na bar shi a kwance.

Baban Basma ya zo da mutum biyu, ɗaya na riƙe da ƙaramin akwati. Su suka tsaya a zaure, shi ya shigo ya tsuguna inda ya saba. Muka gaisa. Na ce daga bayan labule, "Tsuntsun ba ya nan."

Can ya ce, "To, Dada." Bai tashi nan da nan ba. Na ji ya gyara tsugunonsa, ya ce, "Lafiya dai yake?"

Na ce, "Lafiya ƙalau."

Suka tafi. Komai ya tafi yadda na tsara, babu wanda ya ji kunya. Ban san abin da ya sa na kasa zama wuri ɗaya ba.

Talata, 19 ga Agusta, da safe

Bappa ya kira a kan Vandi. Bai tashi ba.

Laraba, 20 ga Agusta, da yamma

Na koma Jimeta, shagon Chikezie mai maganin kaji. Na ce a ba ni maganin ƙafa na babban tsuntsu. Ya ce wane iri? Na ce babba dai. Ya kalle ni ta saman tabarau, ya rage murya.

"Mama, wannan dogon abin na gidanki ne? Ni maganin kaza nake sayarwa fa. Abeg ka kira dokta. Ba surukinki ne dokta ba?"

Duk garin nan babu wanda bai san surukin wa ye ba. Na ce ya ba ni abin da na tambaya. Ya ba ni wani gari na sawa a ruwa da man shafawa, yana girgiza kai.

A keke na yi ta lissafi. In na kira Baban Basma yanzu, na nuna ƙarya na yi masa ranar Litinin, a gaban mutanensa. Na kuma sa shi a tsaka mai wuya, ya san inda aka ɓoye abin da aikinsa ya ce a bayyana. Bari in gwada maganin tukuna.

Alhamis, 21 ga Agusta, Namtari, bayan azahar

Vandi ya gane ni. Ya ɗaga wuya, ya yi wannan ƙaramin gurnanin da yake yi in na fito da kwano. Ya ci gyaɗa kaɗan a tafin hannuna, ya bari. Na shafa masa man, ƙafafun sanyi ƙalau. Tukkun ya yi datti, na goge masa da gefen zanina.

Bappa ya ce, "Sabuwa, in ke ba za ki kira yaron nan ba, ni zan kira." Na ce in ya kira, ni da shi har abada. Ya san halina, ya mayar da wayarsa aljihu.

Bai tashi ba.

Juma'a, 22 ga Agusta, da yamma

Debbie ta kira. Ta ji labarin dokar a wajen 'yan cocinsu, na sani, shi ya sa. Na bar wayar tana ƙara har ta gaji. Ta turo saƙo: "Yaya ɗan Wilson?" Ban amsa ba.

Asabar, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Adda ta zo ita kaɗai. Ba ta shiga madafi ba. Ta shigo har ɗakina ta zauna a bakin gado, abin da ba ta yi ba tun tana 'yar firamare. Ta kalle ni ido cikin ido.

"Dada, ina kika kai shi?"

Na buɗe baki zan ce ba ruwanta, sai kuka ya riga ni. Na faɗa mata duka.

Ta dafe kai. Ta ce ba ɗauke shi za su yi ba. Tsuntsun da ya daɗe a gida, an datse masa fiffike tun yana ƙarami, ba zai rayu a daji ba, don haka ba a raba shi da mai shi. Dubawa kawai ake yi ko yana da cuta, a sa masa zobe a ƙafa, a rubuta sunan mai riƙonsa. Masu sayarwa ake kamawa, da dabbar da ke cutar da mutane. Zoben ne a cikin akwatin nan na ranar Litinin. Tun sati biyu ya ware shi da hannunsa.

"Ya ce in yi miki bayani, Dada. Na fara, kika ce in duba miya."

Na ce me ya hana ta dawowa ta ƙarasa? Ta ce ta ga fuskata. Shi kuma da ya ji na ce ba ya nan, ya ɗauka na mayar wa mai shi Jos, ya ji nauyin ya tambaya.

Gudun gara na faɗa gidan zago. A gabana ta kira mijinta.

Lahadi, 24 ga Agusta, Namtari, da yamma

Tun da sassafe ya ɗauke mu a motarsa, ni a baya. Ta babban titi muka bi. A shingen ko kallonmu ba a yi ba.

Ya cire takalmi ya shiga garken, ya durƙusa a cikin kashin awaki da fararen kayansa. Ya daɗe yana taɓa ƙafafun. Ya yi masa allura, ya sa masa ƙarin ruwa. Ya nemi tsohon zani, na kwance na sama na miƙa wa Adda ta miƙa masa. Ya huda shi wuri biyu, ya ɗaure tsakanin turaku, ya zura ƙafafun Vandi ta hudojin, ya rataye shi yadda tafin ƙafarsa ke ɗan taɓa ƙasa. Ganinsa a tsaye, ko da zani ne ke riƙe da shi, sai da na ce Alhamdu lillahi.

Ina bayan zana na ji yana yi wa Bappa bayani. Tsuntsu mai dogayen ƙafafu ba a naɗe shi a daɗe. Naman ƙafar ne ke mutuwa, dafinsa ya gangara ƙoda. Bappa ya ce yanzu fa? Ya ce a yi addu'a.

Bai ci komai ba duk yinin. Shi likitan nake nufi. Na dafa, na aika, aka dawo da kwanon a rufe. Ban sani ba ko kunya ce ko fushi.

Litinin, 25 ga Agusta, da hantsi

Vandi ya mutu bayan sallar asuba. Ina wajen.

Laraba, 27 ga Agusta, bayan la'asar

Tsakar gidan ya yi faɗi da yawa. Na makara sallar asuba jiya da yau.

Baban Basma ya zo yi mini jaje, kamar an yi rasuwar mutum. Ya tsuguna a bakin ƙofa. Muka yi lafiya-lafiya. Ya yunƙura zai tashi, sai na ɗaga labulen. Ashe yana da furfura a gemu, ban sani ba.

Na ce, "Da ranar Litinin ɗin nan na faɗa maka gaskiya, da ya tashi?"

Ya sunkuyar da kai. "Rai na Allah ne, Dada."

"Na san wannan tun ba a haife ka ba. Likita nake tambaya."

Sannan ya ce, "Da ina sa rai sosai."

Na gode masa da bai yi mini ƙarya ba. Ya ce laifinsa ne, da ya shigo ya yi mini bayani da bakinsa tun ranar da aka fara sanarwa. Sau biyu yana zuwa har bakin layinmu da niyyar haka, ya juya. Kunya ya ji. Na ce ni ma ita na ji. Muka zauna, shi a ƙofa ni a ciki, ga labule a ɗage, babu abin da ya faɗo daga sama.

Ina baƙin ciki, kuma da kaina nake fushi. Da na sani ƙeya ce.

Juma'a, 29 ga Agusta, da safe

Na kira Debbie. Ban yi kwana-kwana ba, na faɗa mata tun daga buhun har zuwa zanin. Na ce amanarta ce na ci, da hannuna, ba gwamnati ba.

Ta ce, "Ya sha wahala?"

Na ce ya sha.

"Ka binne shi?"

Na ce a gindin tsamiya, bayan garken Bappa. Mun jera duwatsu a kai don kada karnuka su tone.

Na ji ta ja numfashi. Ta ce, "To. Shi dai an san inda yake."

Sannan ta tambaye ni motar da ake shiga zuwa Namtari in an sauka a tasha. Na faɗa mata. Ta ce in maimaita a hankali, tana rubutawa.